Wayar Wa Za a Kira? Nazarin Dacewar Kayan Aikin Dijital wajen Inganta Cimar Tsofaffi a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda kayan aikin dijital, wato wayar salula da manhajojinta da rumbunan adana bayanai, za su iya taimakawa wajen inganta cimar tsofaffi a ƙananan hukumomi huɗu na kudancin Jihar Kano. An bi hanyar bitar takardu, sannan aka auna kowace fasaha da yanayin zaman gida a yankin. Nazarin ya gano cewa yawancin manhajojin cima an ƙera su ne bisa zaton tsoho na da wayarsa, yana karatu, kuma shi ke zaɓen abin da zai ci. A karkarar Kano kuwa abinci daga tukunyar gida yake fitowa, don haka wayar da ta kamata a nufa ita ce ta ma'aikaciyar lafiya da ta mai girki.

1.0 Gabatarwa

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki shekara 60 a matsayin mafarin tsufa, kuma ta ware 2021 zuwa 2030 domin kula da tsufa cikin ƙoshin lafiya. A Nijeriya an sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, shekarar da gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsofaffi. Masu shekara 60 zuwa sama kusan kashi 5 cikin 100 ne na al'ummar ƙasar. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa a haɗe sun haura 800,000. Idan aka yi ƙiyasi da wancan kaso, tun a lokacin tsofaffin yankin sun kai wajen 40,000.

Manufar maƙalar ita ce amsa tambaya guda: a cikin fasahohin da ake yayatawa da sunan inganta cimar tsofaffi, wanne ne zai yi aiki a gidan manomin waɗannan garuruwa, kuma a hannun wa? An yi amfani da kalmomi biyu na fannu. Mai cin gajiya shi ne tsohon da ake son jikinsa ya amfana. Mai sarrafawa shi ne wanda wayar ke hannunsa. A ƙasashen da aka ƙirƙiro fasahohin, mutum ɗaya ne ke riƙe da matsayin biyu. A nan sun rabu, kuma a kan wannan rabuwa aka gina nazarin.

2.0 Waiwayen ayyukan da suka gabata

Masana lafiyar tsofaffi sun daɗe da tabbatar da cewa tsufa na zuwa da raguwar sha'awar abinci, da dushewar ɗanɗano, da zubewar haƙora, da raguwar jin ƙishirwa, da kuma zaizayewar tsoka. Ƙungiyar masana ta PROT-AGE a 2013 ta ba da shawarar tsoho ya riƙa samun furotin giram 1.0 zuwa 1.2 a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum. Ƙa'idojin ƙungiyar ESPEN ta Turai na 2019 sun ƙara da kalori wajen 30 a kan kowane kilo, da ruwa aƙalla lita 1.6 ga mace, lita 2 ga namiji.

Ta fuskar tantancewa, Guigoz da Vellas da abokan aikinsu sun fito da ma'aunin MNA a shekarun 1990. Gajeren samfurinsa, wanda Kaiser da wasu suka sabunta a 2009, tambayoyi shida ne da maki 14: daga 12 zuwa 14 lafiya lau, 8 zuwa 11 akwai haɗari, 7 zuwa ƙasa kuwa rashin abinci mai gina jiki ya tabbata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin ICOPE na kula da tsofaffi a 2017, ta biyo shi da littafin jagora da manhajar waya a 2019.

Ra'ayoyi kan fasahar kanta sun kasu. Ɓangare guda na ganin yaɗuwar waya ta isa ta cike giɓin ƙarancin ma'aikata. Ɗaya ɓangaren ya kafa hujja da shirin mNutrition na tura saƙonnin cima ta waya, wanda ƙungiyar kamfanonin waya ta GSMA ta gudanar da tallafin gwamnatin Birtaniya. Da aka bi diddiginsa a Ghana da Tanzaniya, an samu cewa saƙonnin ba su isa ga jama'a yadda aka zata ba, kuma sauyin da suka kawo a cimar gidaje kaɗan ne. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2019 kan fasahar dijital, ta yi gargaɗin cewa fasaha ba ta maye gurbin tsarin kiwon lafiya mai aiki. Maƙalar ta fi karkata ga wannan ɓangare na biyu, sai dai tana ganin kuskuren ya fi yawa a wajen zaɓen mai sarrafawa fiye da a jikin fasahar.

3.0 Hanyar nazari da farfajiyarsa

An tattara fasahohin zuwa gida huɗu: na awo da rajista, na ƙididdige abin da aka ci, na isar da saƙo, da na tura kuɗi. An auna kowanne da tambayoyi uku. Wa zai sarrafa shi? Me yake buƙata na wuta da sabis da karatu? Idan ya gano matsala, me zai biyo baya?

Yankin ya fi arewacin jihar samun ruwan sama. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Audu Baƙo, tana Bebeji, kuma ita ke shayar da noman rani na Kadawa, ga kamun kifi. Kwanar Ɗangora a Kiru mahaɗar hanya ce da kasuwa. An san Tudun Wada da shinkafa, Doguwa da masara. Hanyar Jos ta ratsa dajin Falgore, inda makiyaya ke kiwo a kewayensa, sannan ga Riruwai, hedikwatar Doguwa, a cikin duwatsu. Wato wake da gyaɗa da waken suya da nono da kifi duk ana samun su a yankin. Matsalar ita ce nawa ne daga ciki ke isa kwanon tsoho.

4.0 Nazari

4.1 Tsohon da ba ya cikin lissafi

Binciken Alƙaluma da Lafiya na Nijeriya na 2018 ya yi hira da mata masu shekara 15 zuwa 49 da maza masu 15 zuwa 59, ya auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Binciken cima na ƙasa na 2021, wanda aka yi da manhajar INDDEX24 a kan kwamfutar hannu, shi ma yara da 'yan mata da mata masu shekarun haihuwa ya nufa. Bayanan cima da asibitocin matakin farko ke turawa rumbun DHIS2 duk wata sun karkata ga yara da masu juna biyu. Akwai dalilin hakan, domin tamowa na kashe yara a jihar. Amma sakamakonsa shi ne kakar da ta goyo yaron zuwa awo za ta koma gida ba wanda ya ɗora ta a sikeli, ko da ta fi shi rama.

Kano ba baƙuwa ba ce ga aikin lafiya ta waya. A yaƙi da shan inna an bi sawun masu rigakafi da wayoyi masu nuna taswira, ƙungiyar eHealth Africa da ke da mazauni a Kano ta yi aiki a kai, har aka tabbatar da kawar da nau'in cutar na asali daga Nijeriya a Agusta 2020. Shirin CHIPS da hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa ta ƙaddamar a 2018 ya tanadi mata masu shiga gida-gida. Ƙwarewar tana nan. Abin da ya rage shi ne a buɗe wa tsoho shafi a cikin rajistar.

4.2 Awo da rajista

A nan ne fasahar ta fi amfani, kuma a nan ta fi arha. Manhajoji irin su ODK da KoboToolbox da CommCare suna aiki ba tare da intanet ba, sai an samu sabis su tura abin da aka tara. Wannan ya dace da ƙauyukan da ke bayan duwatsun Riruwai da gefen Falgore. Sai dai zuba tambayoyin MNA ko ICOPE a waya yadda suke ba zai wadatar ba, saboda dalilai uku.

Na farko, shekaru. Da yawa daga tsofaffin karkara ba su da takardar haihuwa, kuma amsar “na kai saba'in” ba abin dogaro ba ce. Ya kamata manhajar ta ƙunshi kalandar al'amura: samun 'yancin kai a 1960, rasuwar Sardauna a 1966, komawa tuƙin hannun dama a 1972, canjin kuɗi zuwa naira a 1973, aikin madatsar Tiga, da shirin ilimin firamare kyauta na 1976. Wanda ya cika shekara 60 a 2025 yana ɗan shekara takwas aka daina kashe fam da sule. Matar da ta ce an yi mata aure kafin canjin kuɗi ta ba da amsar da manhaja za ta iya lissafawa.

Na biyu, tambayar rama. ICOPE na tambaya ko mutum ya rasa fiye da kilo 3 a wata uku ba da niyya ba. Wanda bai taɓa hawa sikeli ba ba shi da amsa. Amfanin rajistar dijital shi ne ta riƙe awon baya. Idan an auna dattijo da kaka, aka sake auna shi da bazara, wayar ce za ta faɗi bambancin, ba sai an dogara da tunaninsa ba. Katin takarda ma na iya yin haka, amma kati na ɓata, gara na ci, kuma ba ya tuna wa ma'aikaciya cewa lokacin komawa gidan wane ya yi.

Na uku, ma'aunin nauyi da tsawo. Tsohon da bayansa ya ranƙwafa, ko wanda ke kwance, ba a samun tsawonsa daidai. Gajeren MNA ya yarda a auna kaurin sha-raɓa a madadinsa, inda ƙasa da santimita 31 ke nuna haɗari. Ma'aunin MUST na Birtaniya kuma ya nuna cewa kaurin damtse ƙasa da santimita 23.5 alama ce ta rama. Tef ɗin awon tela ya isa. Akwai abin lura guda biyu. Waɗannan iyakoki daga jikin Turawa aka ciro su, don haka suna buƙatar a gwada su a kan mutanen yankin kafin a kafe a kansu, kuma kumburin ƙafa na ɓoye rama. Sannan dattijuwa ba za ta yaye zane namiji ya auna mata ƙafa ba. Wannan aikin mata ne, kuma duk tsarin da bai ɗauki mata ma'aikata ba ya rasa rabin waɗanda yake nema, ko fiye.

4.3 Ƙididdige abin da aka ci

Manhajojin da ke gane abinci daga hoto ta hanyar ƙirƙirarriyar basira su ne suka fi jan hankali a tarurruka, kuma su ne suka fi rauni a wannan farfajiya. Sun ginu a kan faranti guda na mutum guda, a wuri mai haske, kowane abinci a gefensa. Tuwon dare kuwa bayan magariba ake ci, miya ta rufe shi, kuma hoto ba zai nuna ko an sa wake ko kifi ko daddawa a miyar kuka ba. Dattijo na iya fita da kwanonsa ƙofar gida a yi ciyayya da maƙwabta. Tsohuwa kan tsame ɗan naman da aka sa mata ta miƙa wa jika. Abin da aka zuba daban, abin da ya shiga ciki daban.

Tambayar baki ma na da tata matsalar. Tsoho ba zai tona asirin ɗansa a gaban baƙo ba. Amsarsa ita ce “Alhamdu lillahi, ana ci ana sha.” Wannan kawaici ne da rufin asiri, kuma mai nazari ya kamata ya lissafa shi a matsayin karkatar amsa mai tsari. Wadda ta san gaskiya ita ce mai girki, ko matar gida ce ko suruka ko jika: ita ta san malmala nawa ta zuba da nawa aka dawo da shi. Tambayoyin su zama nata, da ma'aunin da ta sani, wato mudu da gwangwani da ludayi da malmala. Sauya waɗannan zuwa giram aikin manhaja ne, da taimakon Jadawalin Sinadaran Abinci na Afirka ta Yamma na 2019 da hukumar FAO ta fitar. Girman malmala da kaurin koko sun bambanta daga gida zuwa gida, don haka sai an yi awon gwaji a yankin kafin a amince da kowane lissafi.

Misali zai nuna abin da irin wannan lissafi ke fitarwa. Dattijuwa mai kilo 50 na buƙatar kalori wajen 1,500 da furotin giram 50 zuwa 60 a rana. Garin masara giram 300, a tuwo da koko, na ba da kalori sama da 1,000 da furotin wajen giram 27. Wato cikinta ya cika, amma furotin wajen rabi ne kawai. Busasshen wake giram 100 na ɗauke da fiye da giram 20, gyaɗa wajen 25, waken suya sama da 30, ƙwai ɗaya wajen 6. Cike giɓin ba ya buƙatar abincin kanti. Sai dai garin da aka niƙa a injin unguwa ba ya cikin abincin da doka ta wajabta wa masana'antu su ƙara wa sinadarin bitamin A.

4.4 Isar da saƙo

Rubutaccen saƙo na buƙatar ido da karatun boko. Yanar ido ta yawaita a tsakanin tsofaffi, kuma da yawa daga masu karatu a cikinsu da ajami suka saba. Murya ce ta rage. Tsarin kira mai amsa kansa, irin 3-2-1 da kamfanin Viamo ya kawo tare da Airtel, har da Hausa a cikin harsunansa, yana aiki a ƙaramar waya ba tare da data ba. Wannan na da muhimmanci tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100 a Janairu 2025. Rediyo kuma har yanzu shi ne abokin hirar tsofaffi, don haka shirin rediyo da lambar kira a ƙarshensa sun fi manhajar babbar waya isa ga jama'a.

Saƙon da ya ce “a ci abinci mai gina jiki” bai ce komai ba. Wanda zai yi aiki shi ne mai faɗa wa mai girki abin da za ta yi gobe da safe: a dama kunun gyaɗa maimakon koko zalla, a zuba garin waken suya a kunu, a daka ƙuliƙuli a barbaɗa a fate, a yi alale ko awara mai taushi ga wanda haƙoransa suka zube, a daka busasshen kifi a miya yadda ba za a iya tsame shi a ba yaro ba, a raba abincin kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar, a ajiye ruwa kusa da shimfiɗa. A rage gishiri da ɗunƙulen ɗanɗano, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade ƙasa da giram 5 na gishiri a rana, ga kuma hawan jini. A tsince masara da gyaɗar da suka yi fumfuna saboda gubar afalatokzin.

Saƙon ya bi kalandar noma da ta addini. Abin da za a faɗa da kaka, rumbu cike, ba shi za a faɗa a Yuli da Agusta ba, lokacin da hatsi ya ƙare, matan gida kuma aiki ya yi musu yawa. Da azumi, batun ruwa da rangwamen da shari'a ta yi wa tsohon da ba zai iya ba ya fi kyau ya fito daga bakin malamin da aka sani. Haka nan matar da ke takaba, wata huɗu da kwana goma, tana cikin waɗanda ya kamata rajista ta sa wa alama, domin rashin miji kan zo da rashin ci.

Haɗarin saƙon bai-ɗaya shi ne ba ya bambance mai ciwon ƙoda, wanda ƙarin furotin ka iya cutar da shi, da mai ciwon sukari, wanda kunu mai zaƙi ba nasa ba ne. Don haka dole saƙo ya rataya a kan rajistar awo. Kuma hanyar da ke kai saƙon gaskiya ita ke kai na ƙarya. A Agusta 2014, lokacin Ebola, jita-jitar sha da wanka da ruwan gishiri ta karaɗe ƙasar ta waya cikin dare ɗaya, har aka rasa rayuka. Yau masu tallar magani ta saƙon murya a WhatsApp tsofaffi suka fi nufa. Muryar da mai sauraro ya san mai ita, kamar ta jami'ar asibitin mazaɓarsa, ita ce kariyar da ake da ita.

4.5 Tura kuɗi

Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. A irin wannan hali shawara ba ta sayen wake. Tura kuɗi ta waya, ko na gwamnati ta Rajistar Masu Ƙaramin Ƙarfi ta Ƙasa ko na 'ya'yan da ke birni, shi ne kayan aikin dijital da ya riga ya shiga cimar tsofaffi ba tare da an kira shi da wannan suna ba. Sai dai ƙofarsa ƙunci gare ta. Haɗa layin waya da lambar NIN, wanda aka fara a Disamba 2020, ya sa an rufe layuka da dama, kuma zanen yatsun wanda ya shekara hamsin yana riƙe da fartanya kan ƙi hawa na'ura. Asusu na tsoho, waya ta ɗa, lambar sirri kuma an faɗa wa mai POS. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya nuna yadda wannan dogaro yake da rauni.

Akwai wata hanya ta cikin gida da ba a cika dubawa ba. Yankin na fitar da zakkar amfanin gona, ɗaya bisa goma a noman damina, ɗaya bisa ashirin a na ban ruwa. Rajistar tsofaffin da awo ya nuna suna cikin haɗari za ta iya taimaka wa masu unguwanni da limamai da Hukumar Zakka da Hubusi ta jihar wajen sanin inda ya fi cancanta. Sharaɗin shi ne yardar mai bayanin. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, kuma jerin sunayen gidajen da tsofaffinsu ke rama abu ne da zai iya zama abin gori a ƙauye.

5.0 Fasalin gwajin da ake ba da shawara

Ana ba da shawarar gwaji a matakin mazaɓa, a zaɓi wasu ta hanyar ƙuri'a a cikin ƙananan hukumomin huɗu, a haɗa da na bakin titi kamar Kwanar Ɗangora da na lungu. A rukuni na farko a yi awo da rajista kawai. A na biyu a ƙara da saƙon murya ga mai girki. A na uku a haɗa da tallafin wake ko waken suya a watannin damina. Cibiyar nazarin lafiyar al'umma ta Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suna da ƙwararrun da za su iya tsara shi. Kafin a fara, a tabbatar da asibitin da za a tura wanda makinsa ya faɗi ƙasa da 8, da wanda zai biya kuɗin, ko ta Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko ko ta hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar, domin tantancewar da babu magani a bayanta ta saɓa wa ƙa'idar bincike. Gwajin ya ɗauki aƙalla wata goma sha biyu, daga kaka zuwa kaka, don ya ratsa bazara da azumi da damina. Abin da za a ƙirga a ƙarshe shi ne sauyin makin MNA da nauyi da kaurin sha-raɓa da ƙarfin damƙar hannu, tare da kuɗin da aka kashe a kan kowane tsoho. Yawan kiran da aka amsa a rubuta shi a shafin gudanarwa, kada a sa shi cikin sakamako.